Kasuwa Ta Riga Allura Buɗewa: Yadda Rigakafin Korona Ya Kasance A Nijeriya

A ranar Talata 2 ga watan Maris na 2021 ne jirgin sama ya sauka a filin jirgin Nnamdi Azikiwe da ke Abuja ɗauke da allurar rigakafin cutar korona guda miliyan 3.92, samfurin AstraZeneca, wadda kamfanin Serum na ƙasar Indiya ya sarrafa. Manyan jami'an Gwamnatin Tarayya suka tarbi kayan kamar yadda akan tarbi babban baƙo. Bayan kwana uku aka soma yin allurar a Asibitin Ƙasa na Abuja, inda Dokta Cyprian Ngong, wanda ya daɗe yana jinyar masu cutar, ya zama mutum na farko da aka yi wa. Kashegari kuma aka yi wa Shugaban Ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, da mataimakinsa Farfesa Yemi Osinbajo a gaban 'yan jarida.

To, amma a ranar da jirgin nan ya sauka, kasuwar Balogun ta Legas da babbar kasuwar Onica da Kantin Kwari na Kano duk sun daɗe da komawa ci. Motocin haya na zirga-zirga tsakanin jihohi tun ranar 1 ga watan Yuli na 2020, jiragen sama na cikin gida sun koma aiki a wannan wata, na ƙasashen waje kuwa tun ranar 5 ga Satumba. A wasu ƙasashen Turai an tsara al'amarin ne bi da bi, wato a yi wa jama'a allura tukuna, sannan a buɗe shaguna. A Nijeriya kuwa sai aka yi akasin haka, kuma duk wanda ke son ya fahimci irin karɓar da aka yi wa allurar, da ƙorafin da ya biyo bayanta, da ma asarar da aka tabka a kanta, wajibi ne ya fara da wannan juyin.

Idan mai karatu bai manta ba, an tabbatar da ɓullar cutar a ƙasar nan ranar 27 ga Fabrairu na 2020, a jikin wani ɗan ƙasar Italiya da ya sauka Legas. Ranar 30 ga Maris aka kulle Legas da Abuja, Jihar Ogun ta biyo baya bayan 'yan kwanaki, sannan Kano ta shiga nata kullen cikin Afrilu, ana dab da azumi. Kulle na ƙasar da ma'aikacinta ke jiran albashin ƙarshen wata daban yake da kulle na ƙasar da fiye da kashi 80 cikin 100 na masu neman abinci sai sun fita suke samu. Ɗan dako da mai shayi da ɗan acaɓa da mai tallar kayan miya ba su da rumbun da za su koma wa. Saboda haka tun ranar 4 ga Mayu, bayan mako biyar kacal, gwamnati ta soma sassautawa a Legas da Abuja, alhali yawan masu kamuwa yana ƙaruwa ne. A Kano ma dole ta sa aka keɓe Litinin da Alhamis domin jama'a su fita sayen abinci.

Ita kanta gwamnati ba ta da ƙarfin ɗaukar kullen. Farashin ɗanyen mai ya faɗi warwas cikin Afrilun 2020, har aka sake duba kasafin kuɗin shekarar, aka rage kiyasin gangar mai daga Dala 57 zuwa Dala 28, aka kuma karɓi bashin gaggawa na Dala miliyan dubu 3.4 daga Asusun Lamuni na Duniya. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa tattalin arziki ya ja baya da kashi 6.10 cikin 100 a rubu'i na biyu na shekarar, da kashi 3.62 a rubu'i na uku. A rubu'i na huɗu ya ɗaga da kashi 0.11, abin da ke nufin ƙasar ta fita daga karayar tattalin arziki, a takarda dai, tun ba a yi wa ko mutum ɗaya allura ba. A watan da allurar ta iso, abin da ya dami magidanci shi ne hauhawar farashi, wadda ta kai kashi 18.17 cikin 100, ta kayan abinci kuwa kashi 22.95. Mutumin da mudun gero ya gagare shi, ba abin mamaki ba ne in ya yi sanyin jiki wajen bin layin allurar cutar da ya riga ya ɗauka ta wuce.

Sai dai kafin a zargi jama'a da ƙin allura, kamata ya yi a tambaya ko akwai allurar. Miliyan 3.92 ɗin nan ta zo ne ta hannun shirin COVAX, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar Gavi da takwarorinsu suka kafa domin su haɗa kuɗin masu ba da agaji, su saya wa ƙasashe marasa ƙarfi a jumlace. Tsarin yana da kyau a rubuce, amma ya shiga kasuwa a makare, bayan ƙasashe masu arziki sun riga sun biya kuɗin ajiya sun kama mafi yawan abin da masana'antu za su fitar. Bugu da ƙari shirin ya ɗora kusan dukkan nauyinsa na farko a kan masana'anta guda ta birnin Pune a Indiya. Da cutar ta yi wa Indiya kamun kazar kuku a bazarar 2021, sai gwamnatinta ta tsayar da fitar da allurar waje. Nan take Hukumar Raya Kiwon Lafiya Matakin Farko ta Ƙasa, a ƙarƙashin Dokta Faisal Shu'aib, ta umarci jihohi su dakatar da yi wa sababbin mutane da zarar sun cinye rabin kasonsu, a ajiye sauran domin zagaye na biyu. Ke nan ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200 ta shafe wajen wata biyar da allurar kimanin mutum miliyan biyu kacal. Akwai waɗanda suka je asibiti da ƙafarsu a wannan tsakani aka ce su koma sai an kawo.

Ba a sake samun kaya mai yawa ba sai cikin Agusta, sa'ad da Amurka ta aiko da allurar Moderna miliyan 4, sannan kashin farko na Johnson & Johnson guda 177,600 ya iso. Wannan ta biyun saye aka yi, ba kyauta ba ce. Tarayyar Afirka ce ta ƙulla cinikin a madadin ƙasashenta, bankin Afreximbank ya tsaya da lamunin Dala miliyan dubu 2, Nijeriya kuma ta yi odar guda miliyan 29.85. Zaɓin ya dace da yanayinmu, domin sau ɗaya ake yin ta, kuma firijin asibiti na yau da kullum yana riƙe ta, ba kamar ta Pfizer ba wadda tun farko aka ce sai an adana ta cikin sanyi mai tsanani, wajen awo 70 ƙasa da sifiri. Bankin Duniya shi ma ya amince da ƙarin bashin Dala miliyan 400 a ƙarshen wannan shekara domin saye da rarrabawa.

Daga nan sai matsalar ta sake kama. Ƙasashen da suka tara allura fiye da buƙatarsu suka shiga ba da ita kyauta, amma da yawanta saura 'yan makonni wa'adinta ya cika. Allurar AstraZeneca wata shida ne rayuwarta. Kafin a sauke ta a Abuja, Hukumar NAFDAC ta gwada, a kai jihohi, a kai ƙananan hukumomi, a kai mazaɓu, kwanakin sun tafi. Ranar Laraba 22 ga Disamba na 2021 aka kwashi guda 1,066,214 da suka lalace aka kai jujin Gosa da ke bayan Abuja, katafila ta bi ta kansu a gaban kyamarori. Hukumar ta ce ta yi haka a fili ne domin jama'a su tabbata ba a yi musu amfani da ruɓaɓɓiya ba, ta kuma sanar da cewa ba za ta ƙara karɓar kyautar da ta kusa lalacewa ba. A ganin wannan marubuci shawarar ta yi daidai, ko da yake hoton ya ƙara wa masu shakka ƙarfi. Kowane ɗan kasuwar tumatir na Mil 12 ya san wannan lissafi, wato kayan da ke lalacewa, wanda ya karɓa a ƙarshe shi ke zubarwa.

Wani ƙaramin abu da ya wahalar da masu zuwa allura shi ne kwalbar kanta. Kwalbar AstraZeneca tana ɗauke da ta mutum goma, kuma da an huda ta dole a ƙare da ita cikin sa'a shida. Don gudun asara, ma'aikaciyar lafiya a ƙaramin asibiti takan jira mutane su taru kafin ta buɗe. Ga kuma rajista ta intanet da ke tsayawa in babu sabis. Wanda ya rufe shago da safe da niyyar komawa kafin hantsi, sai ya ga azahar ta same shi a kan benci.

Wannan ya kawo mu ga illolin allurar, batun da ya fi kowanne yawo a majalisu da tashoshin mota. Abin da akasarin mutane suka ji sananne ne: ciwo ko tauri a damtse, zazzaɓi, ciwon kai, ciwon gaɓoɓi da kasala, na kwana ɗaya zuwa biyu ko uku. Likitoci sun yi bayanin cewa alama ce ta jiki yana koyon yaƙi da ƙwayar cutar, kuma matasa sun fi tsofaffi jin ta saboda garkuwarsu ta fi kuzari. Masu AstraZeneca sun fi jin jiki a ta farko, masu Moderna da Pfizer kuwa a ta biyu. Wasu ba su ji komai ba, har suna zolaya cewa ruwa aka yi musu. Da yake zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi su ne alamomin cutar cizon sauro da kowa ya sani, an sami waɗanda suka ɗauka allurar ce ta tayar musu da ita, suka nufi kemis suka kashe kuɗi a kan maganin da ba su buƙata.

Jami'an lafiya sun yi ta kiran waɗannan illoli ƙanana, kuma ta fuskar likitanci ƙananan ne. Ta fuskar aljihu kuwa sai a tambayi birkila ko direban tifa. Ma'aikacin ofis in ya kwanta kwana biyu albashinsa yana nan. Mai aikin yini in ya kwanta kwana biyu, cefanen kwana biyu ya tafi, kuma babu wani tanadi da aka yi domin cike masa wannan giɓi. Idan aka haɗa da yinin da ya ɓata a layi, allurar da aka ce kyauta ce ta ci masa kwana uku na nema. Masu tsara shirin sun kashe ƙarfi mai yawa wajen ƙaryata ji-ta-ji-ta, irin su cewa allurar tana hana haihuwa, ko maganaɗisu yana mannewa a damtsen wanda aka yi wa, waɗanda duk ba su da tushe. Amma wannan lissafi na mai ƙaramin ƙarfi, wanda ke da tushe, bai sami kulawa kamar haka ba.

Akwai kuma illa mai tsanani wadda gaskiya ce, ba ƙage ba. Kwanaki kaɗan bayan an soma allura a Abuja, Danmak da Norwe da Jamus da Faransa suka dakatar da AstraZeneca saboda rahotannin daskarewar jini. Ranar 7 ga Afrilu na 2021 hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta yarda akwai alaƙa, amma ta ce abu ne da ba kasafai yake faruwa ba. Yadda abin yake shi ne, a jikin wasu 'yan tsiraru garkuwar jiki kan far wa ƙananan ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini, sai jinin ya dunƙule a jijiyar ƙwaƙwalwa ko ta ciki, yawanci tsakanin kwana 5 zuwa 30 bayan allura. Alƙalumman Ingila sun nuna kamar mutum ɗaya cikin 50,000 zuwa 100,000, kuma ya fi shafar masu ƙarancin shekaru, shi ya sa ta ba 'yan ƙasa da shekara 40 wata allurar daban. An ga irin wannan a Johnson & Johnson, har Amurka ta dakatar da ita na kwana goma a wannan wata. Su kuwa Pfizer da Moderna, abin da aka gano shi ne kumburin tsokar zuciya a wasu samari, wanda yawanci yakan warware. Nijeriya ta ci gaba da AstraZeneca bisa shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya, NAFDAC kuma ta buɗe hanyar kai rahoton illa ta wayar salula. Gaskiyar magana ita ce, a watannin nan babu wata allurar da za a koma wa. A 2024 kamfanin AstraZeneca ya janye allurar daga kasuwa, yana mai cewa buƙatarta ta ragu saboda sababbin da suka fito.

Yanayin al'ummarmu ma ya taimaka wa masu jan ƙafa. Cutar ta fi kashe tsofaffi, kuma waɗanda suka haura shekara 65 a Nijeriya kimanin kashi 3 ne cikin 100, alhali a Turai sun kai kusan ɗaya cikin biyar. Adadin da hukuma ta tabbatar a nan bai wuce mutum 267,000 da suka kamu ba, da 3,155 da suka rasu, ko da yake ƙarancin gwaji ya ɓoye da yawa. Mutanen Kano ba za su manta da yawan jana'izar dattawa a Afrilun 2020 ba, wadda daga baya Ministan Lafiya, Dokta Osagie Ehanire, ya ce binciken gwamnati ya ƙirga 979, kuma rabi ko fiye suna da nasaba da cutar. Duk da haka tsohon tabo bai warke ba. A 1996 kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da ya ƙunshi yara kimanin 200 a Kano lokacin annobar sanƙarau, 11 suka mutu, shari'a ta ja har 2009 kafin a sasanta da gwamnatin jihar a kan Dala miliyan 75, kamfanin bai amsa laifi ba. Ƙauracewar da aka yi wa rigakafin shan-inna a 2003 zuwa 2004 ta sha ruwa daga wannan rijiya. Ga kuma rumbunan tallafin korona da jama'a suka fasa a jihohi da dama cikin Oktoban 2020 suka tarar da abinci jibge. Wanda aka hana shi taliya, da wuya ya gaskata an kawo masa allura don Allah. Abin lura a nan shi ne, da aka zo awon ƙwazo a 2022, Nasarawa da Jigawa suna cikin jihohin da ke kan gaba wajen yawan waɗanda aka yi wa, saboda hanyoyin da yaƙin shan-inna ya bari, wato sarakuna da limamai da ma'aikatan bi gida-gida.

Abin da ya tura mutane da yawa ga allura a ƙarshe shi ne katin. Daga ranar 1 ga Disamba na 2021 Gwamnatin Tarayya ta wajabta wa ma'aikatanta su nuna shaidar allura, ko takardar gwajin da bai wuce sa'a 72 ba, kafin su shiga ofis. Gwajin kuwa a asibitocin kuɗi na Legas ya kai Naira 50,400 a farko, a lokacin da mafi ƙarancin albashi yake Naira 30,000, saboda haka zaɓi ɗaya ne ya rage. Jihar Edo ta riga yin irin wannan doka cikin Satumba, har aka kai ga kotu. Inda duk takarda ta zama ƙofa, masu sayar da ita sukan ɓullo, kuma an sha kama masu harkar katin jabu.

Fatake masu zuwa ƙasashen waje su suka fi sanin darajar katin, su kuma suka fi shan takaicinsa. Tarayyar Turai da farko ba ta sa samfurin AstraZeneca na Indiya cikin takardar tafiyarta ba, duk da cewa shi COVAX ya raba wa Afirka da kuɗin da Turawan suka zuba. Ingila ba ta amince da katin Nijeriya ba sai cikin Oktoban 2021, sannan da nau'in Omicron ya ɓullo ta sa ƙasar cikin jerin haramtattu ranar 6 ga Disamba, wanda ya zama dole ya shiga kuma sai ya biya fam 2,285 na zaman killace a otal. Bayan kwana tara ta janye dokar, amma ta riga ta ɓata tafiye-tafiyen ƙarshen shekara. Hanyar Dubai ta shafe mafi yawan 2021 a toshe saboda taƙaddamar gwaji, Sin kuwa ba ta daina killace masu shiga ba sai Janairun 2023, don haka masu sarin atamfa da kayan waya suka koma aika kuɗi ga wakilai, suna karɓar kayan da ba su taɓa da hannunsu ba, ga tsadar dakon jirgin ruwa.

Aikin hajji shi ne babban misali. Shekara biyu a jere, 2020 da 2021, babu maniyyacin da ya tashi daga Nijeriya, kuma duk sana'o'in da ke rataye da shi, daga kamfanonin jirgin yawo har zuwa 'yan canji da masu sayar da jaka, suka tsaya cik. Da Saudiyya ta buɗe ƙofa a 2022, ta sharɗanta cikakkiyar allura da shekarun da ba su haura 65 ba, ta ba Nijeriya kujera 43,008 maimakon 95,000 da aka saba, kuɗin kujera kuma ya tashi zuwa kusan Naira miliyan 2.5. Mutane da dama da suka yi shekara suna gardama a kan allurar, a wannan lokaci suka miƙa damtse ba tare da musu ba.

Gwamnati ta yi burin yi wa kashi 40 cikin 100 na jama'a a ƙarshen 2021, amma waɗanda suka kammala a lokacin ba su kai kashi 5 ba. Sai a 2022, da allura ta wadata aka kuma fitar da ita daga asibitoci zuwa kasuwanni da tashoshi da masallatai da majami'u, adadin ya yi tsalle, har ya haura mutum miliyan 60 a farkon 2023. Kafin nan an ɗage sauran dokokin tafiya a Disamban 2022, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar da ƙarshen halin gaggawa ranar 5 ga Mayu na 2023, shirin COVAX kuma ya rufe a ƙarshen wannan shekara bayan ya raba allura kusan miliyan dubu 2.

A cikin duk abin da aka yi amfani da shi babu ko kwalba ɗaya da aka sarrafa a ƙasar nan, kuma a lokacin annobar Afirka tana shigo da kashi 99 cikin 100 na alluran rigakafinta ne daga waje. Da can ba haka abin yake ba. Cibiyar Gwamnatin Tarayya da ke Yaba a Legas ta yi shekaru tana sarrafa rigakafin agana da na shawara da na cizon mahaukacin kare, har ana aikawa maƙwabta, kafin a rufe ta a 1991 da niyyar gyara. An ƙulla haɗin gwiwa da kamfanin May & Baker domin farfaɗo da aikin, a 2021 aka ba da sanarwar keɓe Naira miliyan dubu 10, a 2022 kuma NAFDAC ta sami mataki na uku na amincewar Hukumar Lafiya ta Duniya a fannin sa ido kan magunguna. Tarayyar Afirka ta sa wa kanta wa'adin 2040 domin nahiyar ta riƙa sarrafa kashi 60 cikin 100 na allurar da take buƙata.